Karatun Malam na shekaru talatin a cikin diski ɗaya: yadda wani gida a Bauchi ya sake zaɓen ma'ajiya

Ranar da babban ɗan marigayi Malam ya shigo shagona da ke kusa da kasuwar Wunti, bai ko zauna ba ya zaro wani abu daga aljihu, naɗe cikin hankici. Estanal ne, baƙin diskin nan mai girman tafin hannu da ake jona wa kwamfuta, mai cin tera ɗaya, wato kimanin giga dubu. Ya ajiye shi a kan tebur a hankali, ya ce, "Ƙanina, duba mana wannan don Allah. Kwamfuta ta daina ganinsa, kuma karatun Baba kaf yana ciki."

Na ce, "Yaya, babu wani wurin da aka ajiye kwafi?"

Ya sunkuyar da kai bai ce komai ba.

Ni ɗalibin Malam ne. A zaurensa na yi karatun farko kafin in kama sana'ar gyaran kwamfuta, saboda haka ban ɗauki wannan a matsayin aikin kwastoma ba. Da izinin gidan nake rubuta abin da ya faru, ba tare da sunaye ba, domin na san gidaje da makarantu da ofisoshi da yawa a garin nan suna zaune a kan irin wannan siraɗin ba su sani ba.

Abin da ke cikin diskin

Tun zamanin mulkin Shagari Malam yake tafsirin azumi, ɗalibai suna ajiye rikoda a gabansa. Kafin a daina yayin kaset an tara fiye da 300 a kwalaye. Shekarun ƙarshe kuma da waya da ƙaramar rikoda mai memori aka ɗauka. Bayan rasuwarsa Yaya ya ɗauki wani matashi ya mayar da kaset ɗin zuwa MP3, aka haɗa da hotunan rubutun hannun Malam na ajami, da bidiyon walimar saukar ɗalibai, da rajistar Islamiyya, da hoton takardun fili da na rabon gado. Duka aka zuba a estanal ɗin nan. Niyyar kirki ce, kuma ta ci kuɗi. Da aka gama sai aka kwashe kwalayen kaset aka kai ɗakin shirgi, tunda "an riga an zuba a kwamfuta."

Wata rana ana cikin kwafe wa wani baƙo karatu, yaro ya gifta ya ja waya, diskin ya faɗo daga tebur zuwa kan siminti yana tsakiyar aiki. A cikin irin wannan diski akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da allurar karatu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi gashin kai siranta sau dubbai. In ya faɗi yana juyawa, allurar kan kartar farantin, kuma inda ta karta, abin da ke wurin ya tafi.

A nan ni ma na yi kuskure, kuma ya kamata in faɗa. Da na jona shi na ji yana ƙyas, ƙyas, ƙyas, abin da ya dace shi ne in zare nan take. Amma saboda ɗoki na sake jonawa har sau uku, na kuma sa masa manhajar dawo da fayil. Kowane juyi da ya yi da karyayyar allura ƙarin ɓarna ne. Daga baya muka aika shi Legas wurin masu buɗe diski a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Suka ce farantin ya karce, ba su da tabbacin abin da za su iya cirowa, kuɗin da suka yanka kuma ya fi ƙarfin gidan. Aka dawo da shi, yana nan a ajiye, ba a sake jona shi ba.

Farautar kwafi

Wata biyu muka yi muna bin gida-gida da ɗalibi-ɗalibi. Abin da muka gani a wannan yawo shi ya koya mana zaɓen ma'ajiya, fiye da duk abin da na karanta.

Da faya-fayan CD muka fara. Wani tsohon ɗalibi ya taɓa zuba karatun wasu shekaru a CD, kimanin shekara goma sha biyar da suka wuce, aka bar su cikin leda a saman wadrob, daf da rufin kwano. Wasu sun buɗe lafiya. Wasu kuwa, musamman marasa suna da ake sayarwa a tsibi, in ka ɗaga su a rana sai ka ga ƙananan huda, wasu bayansu ya fara ɓarewa. Faifan da ake rubutawa a gida ba kamar na kamfani ba ne da ake bugawa da inji. Wani rini ne a cikinsa, hasken na'ura ke ƙona alamomi a jikinsa, kuma rini ba ya shiri da zafi da rana da danshi. Ɗakin kwano a Bauchi cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40 a inuwa, ba wurin ajiye shi ba ne.

Sai filashin ƙanin Yaya. Ya zo da shi da murna, an rubuta giga 256 a jiki, ya ce shi kam ya kwafe komai tun bara. Muka buɗe, ga sunayen folda nan reras, shekara bayan shekara. Amma in ka danna fayil, ba ya buɗewa. Kaɗan na farko-farko ne kawai suka yi magana. Da na kwashe waɗanda suka kwasu, na goge shi na gwada da H2testw, ƙaramar manhajar da ke cika filashi da bayanai sannan ta karanta ta ga nawa suka dawo daidai. Ainihin cikinsa bai kai giga 8 ba. An yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne don ta riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya, duk abin da ya wuce ainihin cikin sai ya bi iska, sunansa kaɗai ke saura. A tasha ya saye shi a hannun mai talla, da kuɗin da bai kai rabin na gaske ba. Araha ba ta ado. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne shekara guda ya yi hankalinsa kwance, yana ganin yana riƙe da amanar mahaifinsa.

Memori biyu muka samu a wurin Inna, matar Malam. Ɗaya yana cikin 'yar rediyonta, kullum bayan asuba tana sauraro, kuma lafiyarsa lau. Ɗayan ta naɗe shi a takarda ta sa a jakar kayan adonta shekaru da dama don kada ya ɓace. Shi wannan, kwamfuta cewa ta yi sai an goge shi kafin a yi amfani da shi. Na rediyon, da ya fara lalacewa da kunnenta ya gaya mata tun da wuri. Na jakar kuwa ba wanda ya san ranar da ya mutu.

Abin mamaki, kaset ne suka fi rufa mana asiri. Tsohuwar fasaha ce, tun 1963 kamfanin Philips ya fito da ita, kuma ga su an jefar a ɗakin shirgi. Wasu sun manne saboda zafi, kwali ɗaya da yoyon damina ya taɓa ya yi fumfuna, gara kuma ta cinye takardun jikin wasu har ba mu san na wace shekara ba ne sai da muka saurara. Amma mafi yawa sun yi magana. Kaset a hankali yake tsufa: murya ta dusashe, shuu ya ƙaru, amma kana jin Malam. Fayil kuwa sau da yawa ko dai ya buɗe ko ya ƙi gaba ɗaya.

A ƙarshe mun haɗa kusan kashi tara cikin goma. Abin da ya ɓace shi ne tafsirin azumi biyu na ƙarshe, waɗanda aka ɗauka kai tsaye da rikoda mai memori, aka juye a diskin, aka goge memorin. Sai hotunan wani kundin rubutun Malam da aka ba wani aro bai dawo da shi ba.

Zaman zaure

Bayan sallar la'asar wata Asabar aka zauna a zauren Malam. Akwai Baffa, ƙanin marigayi, wanda yanzu shi ke jan karatu. Akwai Yaya, da Adda, 'yar Malam da ke koyarwa a Gombe, ta zo musamman. Inna tana daga ciki, ana kai mata bayani.

Kafin a yi maganar abin da za a saya, na roƙi a fara ƙirga kayan. Mutane da yawa suna zuwa kasuwa su sayi ma'ajiya ba su san yawan abin da za su ajiye ba. Mun yanke shawarar sake ɗaukar kaset ɗin da suka rage da inganci, domin matashin farko ya matse su sosai don su yi ƙanƙanta. Sauti mai layi ɗaya da ba a matse ba yana cin kimanin mega 5 a minti, kenan kaset mai minti 90 bai kai rabin giga ba, kuma in aka mayar da shi FLAC yana ƙara raguwa ba tare da an zubar da komai daga muryar ba. Da muka haɗa lissafi har da bidiyo, duka bai kai giga 300 ba. Zuciyar kayan, wato murya da rubutun hannu da takardu, kimanin giga 100 ce. Wannan lissafin ya sauƙaƙa komai, domin ya nuna mana ba babban rumbu muke nema ba.

Yaya ya riga ya zo da ra'ayinsa. An gaya masa a kasuwa cewa SSD, sabon irin diskin nan, ba ya lalacewa, ko ya faɗi babu abin da zai same shi. Na ce, "Yaya, rabin maganar gaskiya ce." Babu faranti ko allura a cikinsa, saboda haka faɗuwa ba ta cika yi masa illa ba, kuma don aikin yau da kullum ya fi kowane sauri. Amma shi da filashi da memori dangi ɗaya ne: ɗan cajin lantarki suke tsarewa a cikin ƙananan ɗakuna, kuma cajin yana zurarewa a hankali in an bar su babu wuta, zafi kuma yana gaggauta zurarewar. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, abin da ta wajabta wa SSD na gida wanda ya cinye adadin rubutunsa shi ne ya riƙe bayanai shekara ɗaya a kashe, a zafin digiri 30. Sabo yakan jure fiye da haka nesa ba kusa ba. Sai dai digiri 30 a wurinmu ai sanyin safiya ne a bazara. Ban yarda in sa karatun Malam a abin da ba na son a manta da shi a adaka ba.

Adda ta ce ita kam a zuba komai a Google a huta, ba gobara ba ɓarawo. A kan gobara da ɓarawo ta fi ni gaskiya, kuma na faɗa mata haka. Amma na jero mata abin da ke damuna. Kyautar da Google ke bayarwa giga 15 ce, kuma a cikinta wasiƙu da hotuna ke ci. Abin da ya wuce haka haya ce, kowane wata ko kowace shekara, har abada. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 ya san haya irin wannan ba ta da tabbas. Ga kuɗin data na ɗora giga 300, bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Sannan tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da dokar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba ana iya goge shi da abin da ke ciki. Na ce, "Adda, da sunan wa za a buɗe? Da lambar wayar wa? In mai shi ya rasu, aka bar layin har kamfani ya sake sayar da shi, wa zai karɓi lambar shiga?" Su ma manyan kamfanonin ba su fi ƙarfin tsautsayi ba. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin OVH, kamfanin da ke ajiye wa mutane bayanai a intanet, a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. A 2019 kuma shafin sada zumunta na MySpace ya sanar da ɓatan waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin shekaru fiye da goma.

Na ambaci kaset ɗin kwamfuta na LTO a taƙaice, wanda manyan ma'aikatu ke amfani da shi. Ɗaya na zubi na tara yana cin tera 18, ana kuma yi masa lissafin shekara 30 a ɗaki mai sanyi. Na'urar karanta shi kaɗai dubban daloli ce. Ba namu ba ne, muka wuce.

Baffa duk bai ce komai ba, yana jan carbi. Sai ya ɗago ya ce, "To ɗana, duk ka kushe su. A cikinsu wanne ne ba ya mutuwa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, babu."

Ya ce, "To ai wannan hadda ce kenan. Mahaddaci komai ƙarfin ƙwaƙwalwarsa, in ya bar tilawa zubewa take. Littattafan da muka gada ma ba ƙarfin takarda ya kawo su hannunmu ba. Kowane ɗalibi kwafar nasa yake da alƙalami, ya tafi da shi garinsu, in na wannan ya ƙone na wancan yana nan."

Na yi shekaru ina ƙoƙarin yi wa kwastomomi wannan bayanin ban iya shi kamar yadda Baffa ya yi ba. Masu sana'armu suna da ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa, wadda ake kira 3-2-1: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Amma ƙa'idar ba ta ambaci tilawa ba, kuma a gidan nan rashin tilawar ne ya kashe memorin Inna, shi ya ɓoye ƙaryar filashin ƙanin Yaya shekara guda.

Abin da aka tsayar

Aka sayi estanal biyu masu faranti, na kamfani daban-daban, daga dila mai shago da rasit. Na nace a kan kamfani daban ne don kada a dace da zubi ɗaya mai aibi ɗaya su mutu tare. Na kuma zaɓi ƙanana masu shan wuta daga jikin kwamfuta, na ƙi manyan da ake jona wa soket, domin kowa ya san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi a unguwanninmu. Dokar ita ce ba a jona su sai a laftof da ke kan batirinta, a kan tabarma a ƙasa, ba a kan tebur ba. Kafin a zuba komai sai da na cika kowanne na karanta shi daga farko har ƙarshe. Ɗaya yana Bauchi, ɗaya yana Gombe a hannun Adda, tazarar kilomita 150 da 'yan kai. Gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya ba za ta haɗa su ba.

Me ya sa na koma wa irin diskin da ya ci amanarmu? Domin faɗuwa ce ta kashe shi, kuma kaɗaicinsa ne ya mayar da faɗuwar musiba. Maganaɗisun da ke jikin faranti ya fi caji jure zama babu wuta, kuma a kuɗin giga ɗaya ya fi SSD sauƙi. Amma ba na ruɗin kaina. Kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze, wanda ke wallafa alƙaluman mutuwar diskokinsa tun 2013, yana samun kimanin ɗaya zuwa biyu cikin ɗari suna mutuwa kowace shekara, a ɗakuna masu sanyi da tsayayyar wuta. Namu da ke shan ƙurar hunturu da zafin bazara ba za su fi nasu sa'a ba. Don haka aka rubuta cewa duk shekara biyar za a sayi sabo a juye, ko tsohon yana da lafiya.

Iri na biyu shi ne faifan Blu-ray na M-DISC, mai cin giga 25 kowanne. Wannan ba rini ba ne a cikinsa, wani sinadari ne mai kama da dutse da hasken na'ura ke sassaƙawa, kuma in an rubuta ba ya goguwa, ko da kuskure ko da bairos. Kamfanin da ya fito da M-DISC a 2009 ya yi masa kirarin shekara 1,000. Wannan kirari ne da aka ciro daga gwajin gasa faifai a zafi da danshi na ɗan lokaci, ni dai in ya ba mu shekaru ashirin ko talatin na gode. Faifai biyar suka ɗauke zuciyar kayan, muka yi jeri biyu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da shi ba faifan ba ne, na'urar karanta shi ce. Sababbin laftof sun daina zuwa da wurin faifai, kuma Sony ma ya daina ƙera faifan Blu-ray na rubutawa a farkon 2025. A Bauchi ban sami na'urar ba sai da aka yo mana oda. Saboda haka na'urar da wayarta suna cikin adaka ɗaya da faya-fayan, kuma ranar da muka ga ta fara wuyar samu a kasuwa, ranar za mu fara neman inda za mu ƙaura.

Adda ma ba a watsar da shawararta ba. Takardu da hotunan rubutun hannu, waɗanda ba su da nauyi, an ɗora su a asusun da aka buɗe da sunan makaranta, mutum biyu suna da hanyar shiga. Takardun fili da na gado an kulle su da kalmar sirri kafin a ɗora. An rubuta kalmar da biro, an rufe a ambulan biyu, ɗaya wurin Inna ɗaya wurin Baffa. Ainihin takardun kuwa suna nan a matsayinsu, domin ranar shari'a hoto bai cika tsayawa a madadin asali ba. Kaset ɗin ma an fito da su daga ɗakin shirgi, an goge su, an jera a tsaye.

Wurin ajiya Inna ce ta zaɓa, kuma ta fi mu sani. Ta ce a kai tsohon ɗakinta na ƙasa mai rufin soro, wanda ko a tsakiyar bazara yana da sanyi-sanyi. Aka sa komai a roba mai murfi da ke rufewa gam, tare da ƙananan ƙunshin tsotse danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, aka sa robar a adaka, aka ɗora adakar a kan bulo saboda ruwa da gara.

Akwai aiki ɗaya da ba a gani da ido amma na fi ba shi muhimmanci. Kowane fayil na ciro masa lambar tantancewa ta SHA-256, wato dogon jerin haruffa da lambobi da ake lissafowa daga cikin fayil ɗin, wanda ko ɗigo ɗaya ya canza a ciki sai lambar ta canza. Da wannan jerin, kwamfuta za ta iya bin dubban fayiloli cikin 'yan sa'o'i ta nuna wanda ya taɓu, ba sai mutum ya zauna ya saurari kaset 300 ba. Aka kuma buga jerin sunayen karatun a takarda, da shekara da sura, aka ɗinke aka sa a gafakar Malam. Wanda zai buɗe adakar nan bayan ba mu, ya kamata ya san abin da ya tarar.

Wuri ɗaya aka yi saɓani, kuma har yanzu ba a gama ba. Ni da Adda muna son a ɗora tafsirin a Internet Archive, ma'ajiyar nan ta kyauta da aka kafa a 1996, a kuma raba shi a Telegram, tunda wa'azi don a ji aka yi shi, kuma kowane mai saukewa ƙarin kwafi ne. Baffa ya ce a dakata. Ya tuna mana cewa a ƙarshen wasu zaman mutane kan kawo tambayoyin aure da gado da rigimar gida, har da sunaye, rikoda tana ɗauka. Ya ce, "Waɗannan mutane Malam suka gaya wa, ba duniya ba. 'Ya'yansu suna nan da rai a garin nan." Ban yi wannan tunanin ba sam, kuma gaskiyarsa ce. Yanzu ɗalibai huɗu ne ke saurare ɗaya bayan ɗaya suna yanke irin waɗannan wurare daga kwafin da za a fitar, asalin kuma yana nan cikakke a adaka. Aikin yana tafiyar hawainiya, wanda aka gama ne kawai ake ɗorawa.

Tilawar farko

Sha'aban aka tsayar, kowace shekara, kafin hidimar azumi ta taso. Mutanen gidan da kansu suka sa wa ranar suna tilawa. An rubuta a takarda wanda ke riƙe da kowane kwafi, da wanda zai karɓa in ya yi tafiya ko ya rasu, da cewa kuɗin sabon diski daga asusun makaranta zai fito.

Da lokaci ya yi Adda ta taho da nata daga Gombe. Nata ya fita tsaf, faya-fayan ma haka. Da muka jona na Bauchi sai na ga folda duk sun koma alamar shotkot. Bairos ɗin nan ne da ke yawo a shagunan buga takardu, mai ɓoye folda ya bar inuwarta. Yaya ya amsa da kansa: wani abokin Malam ya zo daga nesa yana son karatu, laftof ba caji, sai ya ɗauki diskin ya kai wani shago aka kwafa masa. Bai iya ce wa dattijo a'a ba, kuma ban ga laifinsa a wannan ba. Laifin na tsarinmu ne, da muka yi wa ajiya tanadi muka manta da baƙi. Na dawo da foldodin, lambobin tantancewa suka nuna babu fayil ɗin da ya taɓu, amma duk da haka na goge diskin gaba ɗaya na sake juyewa daga na Gombe. A makon aka sayi filashi biyu na gaske, aka gwada su, aka zuba MP3 a ciki, aka rataye su a zaure. Su ne na yawo, kowa ya zo a ba shi. Makullin adaka kuma ya koma hannun Inna.

Game da azumi biyun da suka ɓace, wani ɗalibi ya tuna da wani direba daga wajen Alkaleri da yakan ajiye wayarsa a gaban Malam kowane dare a shekarun nan. Adda ta bi ta samo shi. Ya ce wayar ta daɗe da mutuwa, amma tana nan a durowa, kuma yana jin memorin yana ciki. Ya yi alkawarin kawowa bayan Sallah. Na roƙi Adda ta sake kiransa ta gaya masa kada ya kai wa mai gyara, kada ya cire memorin ya gwada a wata waya, ya naɗe ta yadda take ya kawo.